Shekara Goman da Waƙa Ta Riƙe Mu a Dutse

Duk wanda ya yi samartaka ko 'yanmatanci a Dutse tsakanin 2010 da 2020 yana da wata waƙa wadda idan ya tsinci sautinta yau, ko a adaidaita sahu ko a shagon mai cajin waya, sai ya ɗan yi shiru. Mu ne waɗannan mutanen. Yanzu mun zama iyaye, wasunmu malaman makaranta, wasu 'yan kasuwa, wasu ma'aikatan gwamnati, wasu kuma har yau takardu na hannu ana neman aikin. Idan aka taɓo zancen waɗancan shekaru a majalisa, nan take za ka ga an rabu gida biyu. Masu cewa lokacin ne tarbiyya ta zube, da masu cewa ba a taɓa jin daɗin gari kamar lokacin ba. Abin mamaki, duka ɓangarorin biyu waƙa suke nunawa da yatsa. Na farko ya ce ita ta ɓata yara, na biyu ya ce ita ta raya gari.

Mu da muka rayu a ciki mun ga abin ta wata fuska. Waƙa ba ta zo ta tarar da mu a cike ta zubar da mu ba. Wuri ta tarar babu kowa, ta zauna. Kafin a yanke mata hukunci, ya kamata a fara tambaya: wane ne ya bar wurin a buɗe?

Garin da ya tashi dare ɗaya

Yaran yau ba za su gane yadda Dutse take a da ba. An ƙirƙiri Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, aka ce Dutse ce babban birni, amma shekaru da dama bayan nan sunan birni kawai take amsawa. Ma'aikata da yawa a Kano iyalansu suke. Ranar Litinin a shigo da safe, ranar Juma'a ana sauka daga masallaci a kama hanya. Asabar da Lahadi sai ka rantse an yi shara a gari. Garu na nan da fadar Sarki da tsofaffin gidajenta, duwatsu na nan, itatuwan dabino na nan, amma da an yi sallar isha'i sai duhu da kukan gyare.

Daga 2007, zamanin mulkin Sule Lamido, sai gari ya fara sauya kama a gaban idonmu. Aka shimfiɗa tituna masu hannu biyu, aka kafa fitilun kan hanya, aka gina sabuwar sakatariya, aka gyara dandalin Malam Aminu Kano. A 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse, a shekarar ce kuma aka sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 18,000. A 2014 aka buɗe filin jirgin sama. Duk wannan ya faru ne a lokacin da gangar ɗanyen mai ta haura dala 100 a kasuwar duniya, daga 2011 har tsakiyar 2014. Kuɗi na shigowa daga Abuja, albashi na fita, 'yan kwangila na yawo da manyan motoci. Ɗalibai suka zo daga jihohi daban-daban, masu yi wa ƙasa hidima suka ƙaru, gidajen haya suka yi tsada a Takur da Yalwawa da Gida Dubu. Mai shayi ya fara kaiwa sha biyun dare, mai tsire ya ƙara tukuba.

An gina wa ma'aikaci ofis, an gina wa matafiyi hanya, an gina wa alhaji filin jirgi. Saurayi mai shekara goma sha tara da budurwa mai goma sha bakwai fa, me aka gina musu? Iyayenmu sun taso da dandali. Bayan cin tuwon dare 'yan mata su fito da gaɗa, makaɗin kalangu ya zo, samari su tsaya gefe, tsofaffi na jiyo komai daga zaure. Kafin mu yi wayo wannan dandalin ya riga ya fara mutuwa a cikin gari. Wa'azi ya yi masa rauni, boko ya ɗauke masu zuwa, bayan ƙaddamar da shari'a a shekarar 2000 kuma aka ƙara ɗaure fuska ga kiɗan dare. Wataƙila masu hanawar suna da hujjarsu. Sai dai da aka rufe dandalin ba a buɗe wani abu a madadinsa ba. Babu sinima, babu wurin wasa na kirki sai filin ƙwallo na maza, babu inda matashi zai je da yamma a san yana can kuma a yarda da zuwansa. Ga fitila ta haska titi, ga matasa sun cika gari, ga babu wurin zuwa.

Dandali ya koma aljihu

A daidai wannan gaɓar wayar Chana ta shigo, mai layi biyu, mai lasifikar da ake ji daga ƙarshen layi. Da ita da ɗan memorin da bai kai farce girma ba aka sake gina dandalin, amma a cikin aljihu. A bakin kasuwa da tasha da ƙofar makarantu, samari suka kafa tebur da kwamfuta da ƙaramin janareta. Ka ba da kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa da wake ba, a cika maka memori. Waƙar da aka gama haɗawa a situdiyon Zoo Road a Kano da safe, kafin magariba ta biyo motar haya ta iso Dutse, gobe kuma tana Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu. Ranar kasuwar Shuwarin mai tura waƙa yakan yi cinikin da mai sayar da dabino zai yi masa kallon hassada. Daga nan sai Bluetooth ya karɓa, daga baya Xender. Wanda bai biya ko sisi ba ma ya samu.

Wannan ƙaramin abu shi ya karya ikon hukuma a kan kunnenmu. Mun ji labarin abin da ya faru a Kano bayan 2007, lokacin da hukumar tace finafinai ta ɗaure ɗamara: an ɗaure Adam A. Zango a 2007, an kama Aminu Ala a 2009, an haramta jerin waƙoƙi. To amma kaset da faifai ake iya kamawa a shago. Wa zai bi wayar kowa ya bincika? Waƙar da aka hana ita ce ma aka fi nema a teburin mai turawa.

Me muke ji? Nura M. Inuwa idan zuciya ta yi nauyi. Umar M. Shareef idan soyayya na sabuwa. Nazifi Asnanic da Ali Jita idan biki ya taso. Ado Gwanja idan mata sun keɓe. Naziru Sarkin Waƙa idan ana son jin ƙamshin sarauta. Fati Nijar da sauran mata masu amshi, waɗanda muryarsu ta fi fuskarsu suna. Daga kudu kuma P-Square da Wizkid da Davido suka shigo ta hannun ɗaliban jami'a, tare da rawar azonto daga Ghana, sai shoki, sai shaku-shaku. Da dare a leƙa 2go, a yi hira da wadda ba a taɓa gani ba. Wanda ya mallaki BlackBerry ya zama ɗan gayu. Akwai lokacin da kiran tsakar dare ya zama kyauta, muka koyi magana ƙasa-ƙasa cikin bargo har kiran assalatu.

Ga bambancin da ba a cika faɗa ba. Waƙar Shata ko ta Haruna Uji, mai gurmin nan na Haɗeja, a rediyo ɗaya ake jin ta a tsakar gida, kaka da jika. Idan mawaƙi ya yi habaici, kowa ya ji tare, babba ya yi gyaran murya, yaro ya sunkuyar da kai. Tamu waƙar ta iyafis ta shiga. A karon farko a gidan Bahaushe, yarinya na zaune kusa da mahaifiyarta tana tsince shinkafa, amma kunnenta na wata duniya da uwar ba ta da labari. Wannan shi ne babban canjin, ba rawar ba, ba kuma fiyanon ba. An daina ji tare.

Abin da waƙar ta faɗa a madadinmu

Masu sukar nanaye sukan ce babu komai a cikinta sai soyayya, kuma kwaikwayon Indiya ce. Gaskiya ne akwai ƙamshin Indiya, akwai kiɗan fiyano iri ɗaya, akwai muryar da kwamfuta ta goge har ta daina kama da ta mutum. Amma a tambayi kowace mace da ta yi 'yanmatanci a lokacin me ya sa ta haddace waƙoƙin. A gidajenmu ba a zancen so. Ba ka isa ka ce wa mahaifinka kana son wance ba sai ta bakin kawu ko gwaggo. Yarinya ba ta isa ta ce ba ta son wanda aka zaɓa mata ba sai dai ta yi kuka a bayan ɗaki. Sai ga waƙa tana faɗin abin a fili, da Hausa, da kalmomin da ba na batsa ba: kewa, alkawari, yaudara, kishiya, saurayi talaka da aka ƙwace wa budurwa saboda mai kuɗi ya fito. Wanda ba ya iya furtawa sai ya tura waƙa. Aure nawa aka ƙulla a Dutse da tura waƙa ta Bluetooth? Mun halarci da yawa, kuma har yau suna zaune da 'ya'yansu.

Waƙar ba ta koya mana so ba. Ta ba mu bakin faɗarsa ne. Kuma da baki ya buɗe, sai wasu abubuwa suka biyo baya: 'yan mata suka fara cewa sai sun gama makaranta, samari suka fara zuwa zance ba tare da rakiyar abokai biyar ba, iyaye da dama suka fara tambayar ra'ayin 'ya kafin su karɓi kuɗin gaisuwa. Wanda ke lissafin abin da shekarun suka ɓata, ya sa wannan ma a ma'auni.

Biki ya bar tsakar gida

Inda canjin ya fi fitowa fili shi ne biki. A da kamu ne, da sa lalle, da wuni, da kai amarya, da buɗar kai. Mata su kifa ƙwarya a ruwa su yi amada, su faɗi abin da ba sa faɗa a gaban maza. Cikin 'yan shekaru sai ga dina, ga ranar shigar Larabawa, ga ranar shigar Fulani, ga ranar ƙauyawa. Kowace rana da ankonta, da mai kwalliyarta, da mai hotonta. Aka bar tsakar gida aka koma ɗakin taro na haya. DJ ya kafa lasifika, mai gabatarwa ya riƙe makirfo, aka fara yi wa amarya da ango waƙa ta musamman, da sunansu da na danginsu. Wanda ya fi ƙarfi ya ɗauko mawaƙi daga Kano. Sababbin takardun kuɗi suna tashi sama suna zuba a ƙasa, yara na tsincewa a leda.

Mun ji daɗi, babu amfanin ɓoyewa. Akwai daren da za ka fito daga dina ƙarfe goma sha ɗaya, iska mai sanyi na saukowa daga kan duwatsu, fitilu reras har ƙarshen titi, ka ji kamar garin nan naka ne kuma gobe ta fi yau. Wanda bai ɗanɗani wannan ba ba zai gane dalilin da ya sa muke shiru idan tsohuwar waƙa ta tashi ba.

Amma kowane daɗi da mai biyan kuɗinsa. Akwai wani dattijo mai kalangu da ya yi kiɗan bikin iyayen da yawa daga cikinmu. A shekarun nan mun sha ganinsa a ƙofar ɗakin taro, kalangu a hammata, mai gadi ya tare shi saboda ba shi da katin gayyata. Yakan jira a fito, ya bi manyan mata da kirari har bakin mota, a miƙo masa abin da ya samu. Ɗansa bai gaji kiɗan ba, acaɓa ya kama. Barmani Choge ta rasu a 2013, Ɗan Maraya Jos a 2015, kuma a tsakaninmu mutum nawa ne suka tsaya suka ji cewa wani abu ya tafi? Sannan ga uban amarya, ƙaramin ma'aikaci, da ya ci bashin banki a kan albashinsa don kada a ce bikin 'yarsa bai yi armashi ba. Biki kwana biyar, biyan bashi shekara biyu.

Rawa a gefen wuta

Akwai abin da ba a so a tuna. Shekarun da muke wannan shagali su ne shekarun da Arewa ta fi zubar da jini. Ranar 20 ga Janairu, 2012, bama-bamai suka tashi a Kano, mutum sama da 180 suka rasu. A 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano. A Afrilun 2014 aka sace 'yan matan Chibok, a Nuwambar shekarar aka kai hari babban masallacin Juma'a na Kano. Hanyar Maiduguri da ta ratsa ta kusa da mu ta cika da shingayen sojoji. Dutse kuwa Allah ya rufa mata asiri, ta zauna lafiya idan aka kwatanta da maƙwabta. Mutane suka taho daga Yobe da Borno, wasu 'yan Kano ma suka dawo da iyalansu. Garin da a da ake gudu ranar Juma'a ya zama wurin fakewa.

Wani zai ce rashin tausayi ne a yi rawa alhali maƙwabci na makoki. Mu da muke wurin mun san ba haka abin yake ba. A ajinmu akwai wanda ya baro Damaturu da kayan jikinsa kawai, kuma shi ne ya fi kowa son a ƙure sauti. Idan mutum bai san ko zai dawo daga tasha ba, yau ɗin da ke hannunsa takan yi masa tsada. Wani ɓangare na sharholiyar shekarun nan tsoro ne ya sa kayan biki.

Kwalbar da ta bi bayan kiɗa

Sai dai ba kowa ne waƙa ta ishe shi ba. A hankali muka fara ganin ƙananan kwalabe a kwata, a bayan ajujuwa, a gindin duwatsun da samari ke hawa da yamma. Maganin tari mai kodin. Ba shi da warin giya, ana juye shi a robar lemo, ana sha a gaban kowa. Shi ya sa ya shiga inda giya ba ta taɓa shiga ba, har ɗakunan matan aure. Tiramol da sauran ƙwayoyi suka rufa masa baya. A Oktoban 2017 aka faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalba miliyan 3 ta kodin kullum a Kano da Jigawa. Ko da a ce adadin bai kai haka ba, mu ba mu buƙaci lissafi ba, domin mun san fuskoki. A ƙarshen Afrilun 2018 BBC ta fitar da binciken da ya tona yadda ake fitar da maganin daga kamfanoni zuwa kasuwar bayan fage, washegari gwamnatin tarayya ta hana haɗa shi da shigo da shi.

Kusan kowace majalisa a Dutse tana da nata. Namu yaro ne mai kaifin ƙwaƙwalwa, wanda ya fi mu duka iya lissafi, kuma shi ke haddace waƙa daga ji ɗaya. Ya gama difloma, ya kai takardu duk inda aka ce ana ɗauka, shekara uku babu kira. Tun yana sha ranar biki har ya koma sha don gari ya waye da wuri. Yau yana nan da rai, yana zaune a ƙofar gidansu, idan ka gaishe shi sai ya daɗe yana kallonka kafin ya amsa. Mahaifiyarsa har gobe cewa take waƙe-waƙen nan ne suka lalata mata ɗa. Ba mu taɓa yi mata musu ba, don uwa ce, kuma ciwon nata ne. Amma mun san mutum ɗari da suka ji waƙoƙin da ya ji ba su taɓa kwalba ba. Abin da ya bambanta shi da su ba memori ba ne. Safiya ce da ba ta da wurin zuwa. Garin da ke yaye dubban ɗalibai duk shekara, babban mai ɗaukar aiki a cikinsa gwamnati ce kaɗai, babu masana'antar da za ta kwashe su. Ruwa ba ya tsami banza.

Da 'yan siyasa suka gane

Ba mu kaɗai muka taɓa yin irin wannan zamani ba. A Ingila, a shekarun 1990, matasa sun yi nasu. Ƙungiyoyin mawaƙa irin su Oasis daga Manchester da Blur daga Landan suka mamaye ƙasar, har gasar da suka yi ta sayar da faifai a Agustan 1995 ta shiga labaran talabijin. A 1996 mutum kusan 250,000 suka halarci wasan Oasis na dare biyu a Knebworth. Shaye-shaye da holewa suka zama abin alfahari. Da Tony Blair ya ci zaɓe a 1997, sai ga ɗaya daga cikin jagororin Oasis a liyafar gidan firaminista. Da yawa daga masu nazarin lokacin suna ganin daga ranar da mawaƙi ya shiga fadar mai mulki, abin ya fara sanyi.

Mu ma mun ga irinta. Zaɓen 2015 da waƙa aka yi shi. Dauda Kahutu Rarara ya fitar da "Masu Gudu Su Gudu", ta shiga kowace waya, kowane shago, kowace motar haya. A nan Jigawa ma mulki ya koma hannun wata jam'iyyar, Badaru Abubakar ya karɓa. Matasan da aka ce ba su san komai ba sai rawa, su ne suka kwana a rumfunan zaɓe suna tsaron ƙuri'a. Daga nan 'yan siyasa suka fahimci cewa memorin nan ya fi taron gangami isa lungu. Kuɗin waƙa ya koma wurinsu. Mawaƙin da a da yake rayuwa da liƙin biki da son masoya, ya ga cewa waƙa ɗaya ga mai mulki ta fi waƙar soyayya goma. Ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa mawaƙi ya yi wa mai iko waƙa, tun zamanin Narambaɗa haka ake. Amma mu da muka ɗauka wannan muryar tamu ce, mun ji wani iri da muka ga an yi mata farashi.

Yadda kiɗan ya lafa

Ba rana ɗaya shagalin ya ƙare ba. Farashin mai ya faɗi, a 2016 tattalin arzikin ƙasa ya shiga mawuyacin hali, naira ta karye, buhun shinkafa ya ninka. A shekarar ce aka kori Rahama Sadau daga masana'antar fim saboda bidiyon waƙar da ta fito a ciki tare da ClassiQ, aka kuma soke shirin gina ƙauyen fim a Kano bayan malamai sun yi ca. Biki ya fara raguwa daga kwana biyar zuwa biyu. Masu tura waƙa suka fara naɗe teburinsu, saboda data ta yi sauƙi, kowa na saukewa da kansa daga YouTube.

Idan akwai waƙar da ta rufe zamanin, "Jaruma" ce ta Hamisu Breaker a 2020, lokacin kullen korona. Matan aure suka riƙa ɗaukar bidiyo suna yi wa mazajensu rawa a falo suna sakawa a intanet, gari ya ɗauka, malamai suka yi huɗuba. Ku duba su waye matan nan. 'Yan matan 2012 ne, masu iyafis a ƙarƙashin hijabi, sun girma sun yi aure. Abin da suka ji a ɓoye shekara takwas da suka wuce, shi ne suka fito da shi tsakar falo, kuma ga mijin aure suka yi wa. Wanda ya so ya gane abin da shekara goman nan ta yi wa gidan Bahaushe, mai kyau da marar kyau, to yana cikin wannan bidiyon.

Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, zancen ya zama na abinci. Yau saurayi a Dutse lissafin kuɗin adaidaita yake kafin ya je zance.

Abin da ke kanmu yanzu

Ga shi yau mu ne a zaure. Ƙannenmu da 'ya'yanmu na fari suna riƙe da waya, suna TikTok, suna jin mawaƙan da ba mu san sunansu ba. Kuma mun fara jin bakinmu na furta maganar da aka faɗa mana: yaran yanzu sun lalace, waƙar yanzu ba ma'ana. Lokaci-lokaci a ji an hana kiɗan DJ a wata unguwa, an kama kayan sauti a wani biki, mu gyaɗa kai.

Mu ne ya fi kamata mu san cewa hani kaɗai ba ya aiki, domin a gabanmu aka gwada. An rufe dandali, ya koma memori. An kama faifai, ya koma Bluetooth. Duk lokacin da aka kore shi daga inda manya ke gani, sai ya koma inda ba mai gani, kuma a can ne kwalba ke jira. Matashi zai nemi wurin da zai ji shi mutum ne, ko an ba shi ko ba a ba shi ba. Zaɓin da ke hannun manya shi ne ko wurin ya kasance da haske ko babu.

Saboda haka buƙatarmu ga masu gari ba ta da yawa. Yadda aka iya gina sakatariya da filin jirgi, a iya gina wurin da yaro zai je da yamma: ɗakin karatu da ke buɗe bayan la'asar, filin wasa da mata ma za su iya shiga cikin mutunci, zauren da mai kalangu da mai fiyano za su hau dandamali ɗaya a biya su. A sama da duka, aikin da zai tashi matashi da safe. A cikin gida kuma abin ya fi sauƙi. Idan ka ga 'yarka da iyafis, kafin ka fizge, ka ce ta cire ta sa a lasifika ku ji tare. Wataƙila waƙar ba za ta yi maka daɗi ba. Ka yi gyaran murya inda ya kamata, kamar yadda kakanninmu suke yi a gaban rediyo. Amma ka ji abin da take faɗa, domin sau da yawa abin da yarinyar ta kasa gaya maka ne.

Allah ya jiƙan waɗanda muka yi zamanin tare suka riga mu, ya ba waɗanda kwalba ta kayar lafiya, ya kuma ba mu haƙurin sauraron na bayanmu.